Ɗalibar Ranar Buɗe Aji

A duk faɗin garin Lafia babu macen da ta fara makaranta sau da yawa kamar Iyatu. Ta fara a Keana, ta fara a wani ƙauye da ke bayan Shabu, ta fara a wasu wuraren da ko sunansu ba ta riƙe ba. Farawar ce dai kawai take yi. Darasi na biyu kuwa, ita da shi ba su taɓa haɗa ido ba.

Mijinta, Malam Nababa, shi ne kodinetan yaƙi da jahilci na wata ƙungiya mai zaman kanta, irin ƙungiyoyin nan da ofishinsu ke Abuja, tausayinsu kuma yana ƙauye. Aikinsa buɗe wa matan aure ajin koyon karatu da rubutu. Mutum ne mai fara'a da tsabtar hula, wanda idan ya riƙi makirufo sai ka rantse da shi aka haife shi a hannu. Ba ya zagi, ba ya duka, ko tsawa ma bai iya ba. Ka tambayi duk wanda ka ga dama a unguwar, zai ce maka Iyatu ta yi dacen miji.

Ita kuma sana'arta turara shinkafa. Takan sayo ta da ƙaiƙayinta daga hannun manoma, ta jiƙa, ta turara a duro, ta shanya, ta kai inji a casa, ta sayar. Da wannan sana'ar tukunyar gidan ke tafasa duk lokacin da albashin Malam ya maƙale a hanya, kuma ya saba maƙalewa.

Wata safiya tana tsugune a bakin duro tana shirin tsame shinkafar da ta kwana a ruwa, sai ga Malam ya fito yana gyara zaman hula.

"Maman Bilqis, shirya maza. Yau akwai buɗe aji a Doma, baƙin Abuja sun riga sun taso."

"Malam, shinkafa ce a ruwa. In ban tsame ta na turara yanzu ba, tsami za ta yi."

"Kafin azahar mun dawo. Kuma don Allah kar ki ɗauko atamfar sallah. Ɗaura koɗaɗɗen zanen nan, ki sa silifas, kada baƙi su ga kamar ba ku da buƙata."

Abin da ya sa ake zuwa da ita ba wani ɓoyayyen abu ba ne. Ranar buɗe aji ranar hoto ce, matan ƙauye kuwa suna da gona da kasuwa, ba kowace ke da lokacin zama a rana tana sauraron jawabi ba. Benci na buƙatar cika, don haka kowane ma'aikaci yakan zo da wadda ya samu a gida. Iyatu ta fi sauran amfani, saboda Allah ya ba ta irin fuskar da masu ɗaukar hoto ke so, mai haƙuri da ɗan alamar gajiya. Kullum a bencin gaba ake ajiye ta.

Da suka isa Doma, Malam ya tsayar da babur a gindin wani mangwaro nesa kaɗan da makarantar, kamar yadda ya saba, ya ce ta ƙarasa da ƙafa. A can babu wanda ya san matarsa ce, kuma bai ga dalilin da zai sa a sani ba.

"Ki tuna fa," ya ce yana tayar da babur. "Kar ki riƙa saurin amsa tambaya. Wancan karon kin riga malama faɗa, har baƙi suka fara kallon juna."

Baƙi ba su iso ba sai da rana ta take. Malam ya karɓi makirufo, muryarsa ta cika fili.

"Jama'a, jahilci tsatsa ne a jikin injin tattalin arziki! Macen da ta iya karatu, kasuwarta ba ta tsayawa a ƙofar gida. Za ta karanta saƙon kwastoma da kanta, za ta duba sikeli da idonta, babu mai yi mata wayo. Duk namijin da ya hana matarsa ilimi, wallahi aljihunsa ya ɓula da hannunsa!"

Babu wanda ya kai Iyatu tafi, kuma ba don a gani take yi ba. Duk kalmar da ta fito daga bakinsa gaskiya ce, ita ce ma shaida.

Aka raba littafi da fensir. Malamar ajin ta rubuta wasula biyar a allo, mata suka bi ta da baki: a, e, i, o, u. Iyatu ta san su kamar yadda ta san yatsun hannunta, amma ta yamutsa goshi, ta yi kamar yau ta fara ganinsu. Mai hoto ya durƙusa a gabanta ya ɗauka ta dama, ya ɗauka ta hagu. Baƙi suka ci shinkafa dafa-duka suka shiga mota. Ƙurar motarsu ba ta gama lafawa ba aka bi benci-benci aka karɓe littattafan, wai kada su ɓace kafin ranar Litinin.

Sai bayan la'asar suka dawo gida. Tun daga zaure warin tsami ya tare su. Iyatu ta turara shinkafar haka nan, ta shanya, ta casa, amma duk wanda ya ɗebo ya kai hanci sai ya mayar ya ce zai dawo. A ƙarshe masu kiwon kaji ne suka kwashe ta.

Abin haushin shi ne, akwai aji a bayan layinsu. A makarantar firamaren unguwa, bayan yara sun tashi, wata budurwa 'yar Tibi mai suna Doose, ma'aikaciyar Malam ce ma, tana koya wa mata karatu tsakanin azahar da la'asar. Daga tsakar gida Iyatu kan jiyo muryoyinsu. Ta roƙi Malam ya bar ta ta shiga, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, kuma bai taɓa ce mata a'a ba. Malam ba ya cewa a'a, bayani yake yi.

"Haba Maman Bilqis, ki duba matsayina mana. Matar kodineta guda a benci ɗaya da masu koyon baƙi? Gobe duk Lafia a ce mai raba ilimi gidansa babu. Ke kanki ba za ki so a yi da mijinki ba."

"A Doma ai kana zaunar da ni a bencin."

"Doma daban, gida daban. Kuma lokacin ajin nan ne nake dawowa cin abinci. Kwantar da hankalinki, ni da kaina zan koya miki. Wa ya fi ni iyawa a jihar nan?"

Ya kuwa sayo ɗan ƙaramin allo da alli. Ranar farko ya rubuta wasulan nan biyar dai, sai wayarsa ta yi ƙara, ya fita waje amsawa, daga can ya wuce masallaci. Rana ta biyu ya gaji. Daga nan sai bayan wokshop, sai bayan an tura rahoto, sai bayan azumi. 'Yarsu ɗaya tilo, Bilqis, tana makarantar kwana, in ta zo hutu kuma Malam ya riga ya biya mata lesin na safe da na yamma, don shi mutum ne mai son ilimi. Allon dai ya ƙare a matsayin murfin duron ruwa, kuma ya yi daidai da bakin duron.

Ana haka kasuwa ta canza salo ba ta yi shawara da Iyatu ba. Akwai wani ɗan kasuwa, Terver, da ya shekara da shekaru yana zuwa daga Makurdi yana sayen shinkafarta, don ya ce tata ba ta da tsakuwa. Yanzu ya daina zuwa da kansa. Saƙo ɗaya yake rubutawa ya tura wa mata da yawa, wadda ta riga amsawa ita motarsa ke biyowa. Wayar Iyatu ta yi ƙara wata rana da hantsi, ta duba ta ga layukan rubutu. Ta so ta leƙa maƙwabta a karanta mata, sai ta tuna Malam ya hana, ya ce yawo da waya gida-gida tonon asirinsa ne. Ta jira ya dawo.

"Ajiye nan, in na ci abinci."

Ya ci abinci ya yi barci. Washegari gilashinsa yana ofis. Ranar da Allah ya nufa ya duba, sai ya ɗaga gira.

"Au, ashe Terver ne. Ya ce mota za ta biyo ranar Alhamis, mai kaya ta amsa."

"Malam, yau fa Asabar."

"To, Allah bai yi da rabonki a ciki ba. Kin ga irin abin da nake faɗa wa mutane kullum ke nan, rashin karatu asara ne."

Ya faɗi haka da tausayi na gaske a fuskarsa, ya miƙa mata wayar. Iyatu ta shiga kicin ta zauna a kan turmi, ranta ya yi baƙi ƙirin. Terver bai sake turo mata saƙo ba.

A farkon damina shugabar ƙungiyar mata masu turara shinkafa, Hajiya Zuwairatu, ta tara su a bakin inji ta ba su labari. Ƙungiya ta samu sabuwar rumfa mai manyan tukwanen ƙarfe na zamani, da sikeli mai lamba, da na'urar da ke nuna ko shinkafa ta bushe. Manyan masu saye daga Abuja za su riƙa turo oda ta waya. Da kaka za a buɗe.

"Amma gurbi kaɗan ne," in ji Hajiya, mace mai faɗar magana yadda take. "Duk wadda za a ba tukunya sai ta iya karanta oda, ta iya karanta na'ura. Oda ɗaya aka ɓata, mutanen nan sun gudu. Ga aji nan kyauta a firamare, wadda ba ta iya ba ta je ta koya. Ke Iyatu ba na jin ki, malamin ma a ɗakinki yake kwana."

Mata suka kwashe da dariya, Iyatu ma ta taya su.

Ƙawarta Rahmat, wadda tare suka fara sana'ar, ta shiga ajin Doose a satin. Kafin masara ta nuna, Rahmat ta zama fitina a cikin keke. Ba allon shago da za a wuce ba ta karanta shi da ƙarfi ba, har wani direba ya ce zai rage mata kuɗin mota in za ta yi shiru. Iyatu na gefenta tana dariya, a ranta kuwa kishi ne da baƙin ciki, don ta san Rahmat ba ta fi ta kai ba.

Ranar da abin ya ishe ta, ta bari Malam ya tafi Keana, ta yafa mayafi ta nufi firamare. Tana sa ƙafa a ƙofar aji Doose ta zabura ta miƙe.

"Ah! Madam Oga ya zo inspekshan! Kowa ya tashi!"

Mata suka miƙe gaba ɗaya. "Gud aftanun, Madam!"

Doose ta goge kujerarta da gefen zani ta kawo mata. Iyatu ta buɗe baki za ta ce koyo ta zo, sai ta ga idanu sun yi mata yawa, ga matar mai gadin ofishin Malam a layin gaba. Maganar ta koma ciki. Haka ta bi benci-benci ana buɗe mata littafi, tana leƙawa tana gyaɗa kai tana cewa, "Madalla, a ƙara ƙoƙari." Wata tsohuwa har ta riƙe hannunta ta ce ta sa musu albarka su ma su zama kamarta.

Ba ta tafi gida ba. Ta tsaya a bayan katanga har aka tashi, ta tare Doose ita kaɗai ta faɗa mata gaskiya. Doose ta dafe kai.

"Mama, abeg ka yi haƙuri, ban sani ba. Wannan aji ya yi nisa, kuma suna sai ya bi ta tebur na Oga. Amma bayan kaka za mu ɗauki sabon mutane. Ni da hannuna zan sa sunanka, ko Oga ya so ko bai so ba."

Bayan kaka ya yi wa rumfar Hajiya latti, amma dai alkawari ne, kuma Iyatu ta riƙe shi da hannu biyu.

Damina na tsakiya Malam ya dawo gida wata yamma babu fara'ar nan tasa. Baƙin Abuja za su dawo yaye ɗaliban Doma. Matsalar ita ce ajin Doma ya watse tun saukar ruwan farko. Mata sun koma gonar doya da riɗi, malamar kuma da ta gaji da jiran alawus ta kama sana'ar POS. Wannan duk mai sauƙi ne, ana iya nemo masu cika benci. Babbar matsalar, baƙin sun buga hoton matar nan mai koɗaɗɗen zane a bangon rahotonsu na shekara, kuma sun ce ita musamman suke so su ji tana karatu.

Bai gaya wa Iyatu wannan ba tukuna. Sai dai ta ga bayan magariba ya shigo da tsire a takarda, ya shimfiɗa tabarma, ya ce, "Maman Bilqis, zo mu yi karatu." Ya kashe wayarsa ma, abin da ko a masallaci ba ya yi.

Daɗin da Iyatu ta ji a wannan yammacin ba ya faɗuwa. Ta ji son mijinta ya dawo mata sabo. Ta zauna kusa da shi ta tanƙwashe ƙafa, ya buɗe wata farar takarda, ya ce ta bi bayansa.

"Sunana Iyatu. A da ina cikin duhu, yanzu na ga haske."

Ta maimaita.

"Ina karanta saƙon kwastomomina da kaina. Kasuwata ta bunƙasa."

Ta maimaita wannan ma. Malam ya nuna haƙurin da ba ta taɓa sanin yana da shi ba. In ta yi kuskure sai ya yi murmushi ya sake. Ya koya mata inda za ta ja numfashi, da yadda za ta riƙa jan yatsa a kan layi daga hagu zuwa dama, da inda za ta ɗan yi tuntuɓe don abin ya yi kama da gaske. Abu ɗaya ne bai koya mata ba, wato abin da ke ƙarƙashin yatsan. Da aka kwana biyu ana haka, sai ta ajiye takardar.

"Malam, wannan ai hadda ce."

"Hadda ma karatu ce, Maman Bilqis. Da me aka fara da mu muna yara?"

"Nuna mini baƙaƙen mana, ko layi ɗaya ne. Kaka ta kusa, Hajiya za ta raba tukwane."

Sai a nan ya fayyace mata komai, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Babu lokacin baƙaƙe yanzu. In baƙin nan suka ga ba sakamako, rufe shirin za su yi. Aikina ya tafi, makarantar Bilqis ta tsaya. Bar ta tamu ma, ki tuna matan Keana, ki tuna ajin Doose. Ke za ki so a ce ta dalilinki ɗaruruwan mata suka rasa ilimi?"

Iyatu ba ta so a ce ta dalilinta ko mace ɗaya ta rasa ilimi, don ta fi kowa sanin zafin abin. Ta ɗauki takardar ta ci gaba.

Baƙi suka ce ba su da lokacin zuwa Doma, a yi taron a zauren wani otal a cikin Lafia. Wannan ya sa ɓoye dangantaka ba zai yiwu ba, amma Malam ba a rasa shi da mafita. Wannan karon shi da kansa ya ce ta ɗauko atamfar sallah. Da ya hau dandamali sai ya dafa ƙirji.

"Akwai sirrin da na ɓoye muku, don ba na son yabo. Matar nan da kuke gani a hoto, iyalina ce. Na ga bai kamata in haska gidajen mutane in bar nawa da duhu ba."

Zaure ya ɗauki tafi. Iyatu ta fito, ta riƙe takarda, ta ɗora yatsa. Ta ja numfashi inda aka ce ta ja, ta yi tuntuɓe inda aka ce ta yi. Wata baƙuwa mai gilashi ta ciro hankici ta share ido. Hajiya Zuwairatu, da aka gayyato a madadin 'yan kasuwa, ta rangaɗa guɗa. Aka miƙa wa Iyatu takardar shaidar kammala karatu mai zanen zinariya a gefe, aka yi ta haska ta da hoto. A can ƙarshen zaure ta hango Doose tsaye, hannayenta a naɗe a ƙirji, ita kaɗai ce ba ta tafa ba.

Kaka ta yi, aka buɗe rumfa. Hajiya ta raba tukwane, ta ba Iyatu ta kusa da ƙofa, mai kyan wuri. Iyatu ta shafa gefen tukunyar, sabuwa fil, tana ta addu'a a ranta ko za a kwana biyu ba a tambaye ta komai ba. Ko awa ba a yi ba wayar ƙungiya ta yi ƙara.

"Alhamdulillahi, odar farko!" in ji Hajiya. "Iyatu, ke da aka tafa wa a otal, karanta mana mu ji albarka."

Aka sa mata wayar a hannu, mata suka kewaye ta. Ta dubi rubutun, rubutun ya dube ta. Abin da ke kanta kawai shi ne a da tana cikin duhu yanzu ta ga haske, kuma ta san ba shi mutanen Abuja suka turo ba. Tana iya cewa idonta na ciwo. Tana iya cewa rubutun ya yi ƙanana. Amma ta gaji.

"Hajiya, ban iya ba."

"Kamar yaya ba ki iya ba? Da kunnena na ji ki."

"Haddacewa na yi."

Rahmat ce ta zare wayar daga hannunta a hankali ta karanta odar, ba ta yarda sun haɗa ido ba. Hajiya ta ja Iyatu bayan rumfa.

"Ni ba zan tozarta ki ba, 'yar'uwa, kuma maganar nan ba za ta fita daga bakina ba. Amma tukunyar nan ba ta san tafi ba. Dole in ba wata. In kina so ki riƙa zuwa wankin shinkafa da hura wuta ana sallamarki kullum. Ki je ki koya da gaske, baɗi in akwai gurbi ki dawo."

Macen da a da ake tasowa daga Makurdi don shinkafarta, yau ita ake yi wa tayin hura wa wasu wuta. Ta yi godiya, don Hajiya ba ta yi mata laifi ba. Daga nan ba ta zarce ko'ina ba sai firamare, inda Doose ta riga ta fara rubuta sunayen ɗaliban bayan kaka a ƙarƙashin bishiya. Doose na ganinta ta tashi ta tare ta tun daga nesa.

"Mama, wallahi na gwada. Na sa sunanka, kwamfuta ya ƙi. Ya ce ka riga ka gama. Wanda ya karɓi satifiket ba ya shiga aji kuma."

"To in zauna a ƙasa, can baya. Ba sai an rubuta ni ba."

"Baƙi suna zuwa ba notis yanzu, kuma kowa ya san fuskarka, hotonka yana bango na ofis har Abuja. In sun gan ka a aji na farko, Oga ya tafi, ni na tafi, aji ya rufe." Idon Doose ya kawo ruwa. "Da zan zo gida in koya maka, amma gidan na Oga ne."

Iyatu ta tsaya tana kallon matan da ke layi, wasu da goyo, wasu sun girme ta, kowace da 'yancin ta ce ba ta iya ba a koya mata. Ita an ƙwace mata ko wannan. Jahilcin da ta shigo da shi gidan miji nata ne, tana iya kai shi aji a raba ta da shi. Wanda aka bar ta da shi yanzu an buga masa hatimi, an sa hannu, an tafa masa, ba makarantar da za ta karɓe shi. Kuma wanda ya yi mata haka bai taɓa ɗaga mata murya ba, shi ya sa ko ƙararsa ta kai, ba ta san da wace kalma za ta fara ba.

Da ta koma gida ta iske Malam a falo tsaye a kan kujera, ƙusa a baki, guduma a hannu. An sa wa takardar shaidar firam da gilashi. Fara'arsa ta dawo har da ƙari, don a ranar aka sanar da shi cewa an ƙara masa ƙananan hukumomi a ƙarƙashinsa.

"Yauwa, kin zo a daidai. Duba mini, ta miƙe ko ta karkace?"

"An karɓe tukunyar, Malam. Ajin Doose ma sun ce na gama."

Ya cire ƙusar daga baki, abin ya ɗan taɓa shi.

"Kai, ban ji daɗi ba. Amma kar ki sa wa ranki damuwa. A ƙasar nan takarda ake tambaya, ba mai buɗe kan mutum ya duba. Mata nawa ne ke neman irin wannan ba su samu ba? Karatun kuma, da na ɗan samu sarari zan zaunar da ke. Yanzu dai kin ga aiki ya ƙaru."

Ya buga ƙusar, ya rataye firam ɗin a saman talabijin, ya sauko yana karkaɗe hannu. Iyatu ta matso ta tsaya a gaban firam ɗin. Ta daɗe tana kallon layukan, manya da ƙanana, har Malam ya fara murmushi, yana zaton sha'awa ce.

"Malam," ta ce, "nuna mini inda sunana yake."

Murmushin ya tsaya a inda yake. Ya ɗaga ƙotar gudumar a hankali ya ɗora a tsakiyar gilashin. Iyatu ta duba wurin da kyau, ta gyaɗa kai, don ba ta da yadda za ta san ko gaskiya ya faɗa mata.